Malamin jami'a da zaman majalisa

Kabiru: Ni dai ra'ayina, malamin jami'ar da kullum bayan la'asar yana majalisa ana shayi da dara, ko yana gidan kallon ƙwallo, bai riƙe aikinsa da hannu biyu ba. Yaushe zai yi bincike? Yaushe zai duba kundin ɗalibai?

Anti Rabi: Kabiru, ka ji tsoron Allah. Maigidana malami ne. Lokacin makin jarrabawa sai ya kai ƙarfe biyun dare, in an ɗauke wuta da fitilar waya. Ranar da ya buga tanis da yamma ko yaran gida sun san bambanci, balle ɗalibai.

Kabiru: Anti, naki daban ne. Inda na yi digirina na biyu, mai duba aikina ya riƙe babi ɗaya wata huɗu, amma ɗaurin aure bai taɓa wuce shi ba.

Malam Isa: Wannan ko ɗaki ka kulle shi ba zai duba ba. Hali ne, ba majalisa ba.

Dakta Umar: Bari in sa baki, tun da mu ake nufi. Kabiru, abin da kake kira hutu yawanci ba hutu ba ne. In ka ga malami ya bar Samaru, unguwar jami'a a Zariya, ya nufi hanyar Shika ko Giwa ranar Asabar, gona za shi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya fara a Fabrairu, ya ƙare a Oktoba, wata takwas, aka kuma riƙe albashi. Da yawanmu a lokacin muka koma noman masara da kiwon kaji, har yau ba mu daina ba. Wani kuma yana kan hanya kullum, yana koyarwa a wata jami'ar don cike giɓi. Wannan shi ke cin lokacin ɗalibi, ba kofin shayi ba. Ƙarin girma kuwa sai da wallafe-wallafe, mai zaman banza ba ya zama farfesa.

Kabiru: Allah ya gafarta malam, na ji batun gona. Amma ɗalibi ya taso tun daga Tudun Wada, ya kashe kuɗin mota, ya tarar da ofis a kulle, wa zai kama?

Dakta Umar: Shugaban sashe. Nan kam ba ni da ta cewa.

Malam Isa: Dakta, to nawa buhun masarar bana?