Waɗanda suka yi dangwalen Telegram a 2024, me kuka samu?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ƙanena ya kawo min wani sabon wasan dangwale, irin wanda ake ta taɓa fuskar waya a Telegram ana tara maki da fatan su zama kuɗin kirifto, yana so in shiga ta hanyarsa don a ƙara masa maki. Ni ban taɓa yi ba, amma ina da shagon cajin waya, kuma na ga yadda samari suka riƙa kawo waya sau uku a rana a daminar 2024, batir ya yi zafi kamar an ciro shi daga murhu. Kafin in ba shi amsa, ina so in ji daga bakin waɗanda suka yi. Don Allah kowa ya faɗi nasa, ban da na ji an ce.

Abu Sadik: Wa'alaikumus salam, Yaya. Ni na ci, ba zan ɓoye ba. Na shiga wasan dangwale na Notcoin tun a watan Janairun 2024, lokacin ana yi mana dariya. Da ta fashe, wato aka fara cinikinta a kasuwa, ranar 16 ga Mayu na sayar da nawa, na biya kuɗin makarantar ƙanwata, na canja waya. Amma lokacin mutane wajen miliyan 35 ne suka yi a duk duniya. Labarinmu ne ya ja kowa ya faɗa wani wasan dangwalen mai suna Hamster Kombat, har masu wasan suka ce sun kai mutum miliyan 300. Tuwo ɗaya, hannu ya ninka kusan sau tara, loma kuwa dole ta ragu.

Maman Ilham: Gaskiya ka faɗa. Ni wata huɗu na yi a kan Hamster. Kullum sai na nemo katunan haɗi guda uku na ranar, in buga kalmar sirrin ranar da ake bugawa da gajeren taɓi da dogon taɓi, daga baya aka kawo ƙananan wasannin tara makullai, su ma na bi. Bayan sallar asuba kafin in ɗora koko, waya ce a hannuna. Ranar 26 ga Satumba aka raba kuɗin wasan, abin da ya zo min bai kai kuɗin datar da na saka ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba, babu wanda ya rubuta min alkawarin adadi. Mu ne muka riƙa yi wa juna lissafin miliyoyi a zaurukan WhatsApp har muka yarda. Abin da ya fi damuna shi ne ɗinkin mutane da na riƙa jinkirtawa, har wata mai kawo min aiki shekara shida ta koma wani wuri.

Ɗan Gusau: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni abin da na samu mai ɗan auki daga rabon kuɗin kirifto na Dogs ne, a watan Agusta, kuma ban dangwala komai ba. Daɗewar asusun Telegram ɗina suka duba.

Malam na Layi: Nawa ya fi muni. Wani ya turo min saƙo da hoton kamfani, ya ce shi mai taimaka wa masu cire kuɗi ne, in rubuta masa kalmomin sirri 24 na asusuna na kirifto zai gyara matsalar. Na rubuta. Kafin la'asar babu ko sisi, har da ɗan abin da na saya da kuɗin gumina. Kalmomin nan su ne makullin ɗaki, duk wanda ya riƙe su ɗakin nasa ne, kuma babu ofishin da za ka je a dawo maka da kayanka. Na yi sati biyu ban gaya wa iyalina ba.

Baban Khalifa: Innalillahi. Malam, sannu. Wannan wasan da ƙanena ya kawo, sun ce sai an biya wani ɗan kuɗi kafin a buɗe cirewa.

Abu Sadik: Yaya, a nan zan tsaya maka. Notcoin ba ta nemi ko kobo a wurina ba kafin in yi dangwale. Ka tambaye shi nawa ya riga ya tura musu, kuma ko ya taɓa rubuta kalmominsa a wani shafi. Idan ya rubuta, yau ɗin nan ya buɗe sabon asusu ya kwashe abin da ya rage.