Maika Hamano: me ya sa Chelsea ta saye ta, ta kuma tura ta Sweden?

Mai Lamba Goma:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Wanda ya kalli wasan Najeriya da Japan a gasar Olamfik ta Paris a 2024 ba zai manta da yarinyar da ta fara zura mana ƙwallo ba, ranar da aka ci mu 3-1. Maika Hamano ke nan, haifaffiyar 2004, ƴar yankin Osaka. Ta taso a Cerezo Osaka, ta koma INAC Kobe, a 2022 aka zaɓe ta gwarzuwar gasar cin kofin duniya ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Costa Rica, duk da Sifaniya ta doke su 3-1 a wasan ƙarshe. A Janairun 2023 Chelsea ta ba ta kwantiragi har zuwa 2027, amma ko rigar ba ta sa ba aka miƙa ta aro ga Hammarby ta Stockholm, babban birnin Sweden. Masu bin ƙwallon mata da masu aiki a cikinta, kowa ya kawo abin da ya gani: wannan hanya tana gina yarinya ko ɓata mata lokaci take yi?

Koci Dattijo:
Wa'alaikumus salam ɗana. Fara da kalanda. Gasar Ingila tana tashi ne a Satumba ta ƙare a Mayu, ta Japan ma kusan haka take tun da aka fara WE League, gasar ƙwararrun mata ta ƙasar, a 2021. Wadda ta sauka Landan a Janairu ta tarar da rabin kaka ya wuce, kociya ta gama zaɓen mutanenta, ana wasa duk bayan kwana uku ko huɗu, babu sararin koya wa baƙuwa tsari. Ita kuwa gasar Sweden daga bazara take zuwa Nuwamba, ƙungiyoyi 14, wasa 26. Yarinyar da ta isa a Janairu za ta samu cikakken atisayen share fage, ta buga wasannin kofi, kafin a fara neman maki. Makonnin nan ne ake koyon inda za a tsaya idan ƙwallo ta kuɓuce, da wa za a bi a bugun kusurwa, da kalmomin da ake kira da su a fili.

Sannan ku tuna wa ke gaban Chelsea a lokacin: Sam Kerr, Lauren James, Guro Reiten, Fran Kirby, Pernille Harder. Ƴar shekara 18 minti goma-goma za ta riƙa tsinta. A wannan shekarun minti shi ne abinci.

Baban Takardu:
Koci ya faɗi na fili, ga na ofis. Dokar FIFA ta hana ɗauko ƴar wasa daga wata ƙasa kafin ta cika 18, sai a ƴan keɓantattun yanayi, shi ya sa za ku ga ƴan matan Japan suna tashi da zarar sun tsallake wannan shekara. Bayan nan sai takardar sauya sheƙa daga hukumar ƙwallon Japan. Matsala ta uku ta Ingila ce kaɗai: tun 2021, bayan ficewarta daga Tarayyar Turai, duk baƙuwa sai hukumar ƙwallon ƙasar ta amince mata kafin a ba ta izinin aiki. Maki ake ƙirgawa: wasa nawa ta buga wa babbar tawagar ƙasarta, ƙarfin gasar da ta fito, mintunan da ta samu a ƙungiya. Kofin ƴan ƙasa da 20 yana sa suna, amma bai kai wasannin manya nauyi a wannan lissafi ba. Don haka aro zuwa gasa mai daraja yana tara wa yarinya makin da ba ta da shi.

Inda ake samun kuskure shi ne a yarjejeniyar aron kanta. A rubuta wa ke biyan albashi, wa ke biyan magani idan ta ji rauni, kuma ko uwar ƙungiya tana da ikon janye ta a tsakiyar kaka. In an bar na ukun a baki, rigima ce.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Alhaji, na ukun nan shi ya yi aiki a kan Hamano. Ta ci kofin Sweden da Hammarby a Yunin 2023, ta tafi gasar cin kofin duniya, ciwon kafaɗa ya hana ta sakat. Sai a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe da Sweden ta shigo daga benci, aka fitar da Japan 2-1. Chelsea ta janye ta, aka yi mata tiyata, ba ta buga wa ƙungiyar wasan farko ba sai a Disamba.

Mutane suna raina ciwon kafaɗa saboda wai da ƙafa ake buga ƙwallo. Ba haka ba ne. Kafaɗar da ta taɓa gocewa a ƙuruciya tana yawan sake gocewa, domin guringuntsin da ke riƙe kan ƙashin ya yage. Bayan an ɗinke shi, hannu yakan zauna a rataye mako huɗu zuwa shida, sai a fara motsa shi a hankali, sai ƙarfafa tsoka, a ƙarshe a koma gogayya da mutane, galibi bayan wata huɗu zuwa shida. Gudu yana dawowa da wuri, wannan ne ke yaudarar koci. Abin da ke jinkiri shi ne ta sa hannu ta kare ƙwallo daga mai tsaron baya, ko ta faɗi ƙasa ba tare da tsoro ba. Ga ƴar wasa mai ƙaramin jiki da ke karɓar ƙwallo tana ba raga baya, wannan hannun rabin sana'arta ne.

A ƙara da fili. Da yawa daga filayen Sweden na ciyawar roba ne saboda sanyi, Ingila kuwa ciyawa ce mai laima. Takalmi daban, ƙwallo tana gudu daban, gwiwa da idon sawu suna jin bambancin a makonnin farko.

Mai Lamba Goma:
To Anti, ashe aron bai kammala ba ke nan. Rabin kaka kawai ta yi.

Koci Dattijo:
Rabin ya isa a ga amfaninsa. Ku sake kallon wasan Tottenham na Mayun 2024. Chelsea na kan gaɓar rasa kofi, Hamano ta ci ƙwallo ɗaya tilo da aka tashi da ita, kwanaki kaɗan bayan haka suka ɗauki gasar da bambancin ƙwallaye a kan Manchester City. Abin lura a wasanta shi ne tana waiwayawa kafin ƙwallo ta iso, taɓawar farko kuma tana kai ta inda babu kowa. Wannan daga Japan ta zo da shi. Abin da Sweden ta ƙara mata shi ne jure turi da saurin komawa baya.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Bayern Munich ta ɗauki Momoko Tanikawa a Janairun 2024 ta tura ta Rosengård a Malmö. Ta ci gasar Sweden da su, ta jefa wa Brazil wata ƙwallo daga nesa a Olamfik, sannan ta shiga Bayern a shirye.

Ƴar Gaban Goshi:
Baba, ka yi haƙuri, ban yarda gaba ɗaya ba. Yui Hasegawa ba a ba da ita aro ba. Ta je AC Milan a 2021, ta wuce West Ham, ta isa Manchester City a 2022, kowane mataki a matsayin wadda za a fara wasa da ita. Fuka Nagano ta bi ta Amurka zuwa Liverpool. Su sun zaɓi ƙungiyar da ke buƙatarsu yau. Wadda ta sa hannu a dogon kwantiragi da ƙungiya irin Chelsea ta ba da wuƙa da nama. Kociya Emma Hayes da ta kawo Hamano ta tafi a 2024, Sonia Bompastor ta zo da nata tunanin, ana kuma ci gaba da sayo ƴan gaba masu tsada. Aka riƙa sa Hamano yau gefen dama, gobe hagu, jibi bayan ƴar gaba, wani makon benci. Kofuna suna taruwa, amma wuri nata na kanta fa?

Baban Takardu:
Ƴata, Hasegawa tana da shekara 24 lokacin da ta fita, ta riga ta buga kofin duniya. Lissafinsu ba ɗaya ba ne. Amma maganar benci gaskiya ce, kuma akwai abin da ke ƙara ta: tafiya. Tun 2022 jirage daga Landan zuwa Tokyo suna kauce wa sararin Rasha, tafiyar tana cin awa goma sha huɗu ko kusa, ga tazarar agogo ta awa takwas ko tara. Ta buga wa Japan ranar Talata, ta sauka Alhamis, ana wasa Lahadi. Abokiyar takararta ƴar Ingila ko Sweden ta kwana biyu tana atisaye a gida. Kociya za ta fara da wadda ta yi barci.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Kuma jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambanci kafin ya daidaita. Ƙungiyoyin da suka san aiki suna rage mata atisaye mai nauyi a kwana biyun farko, suna tsara mata lokacin fita rana da lokacin kashe fitila, suna auna tsalle da safe don ganin ko tsoka ta farfaɗo. Wadda aka jefa fili minti casa'in kwana uku da sauka, a kula da tsokar bayan cinyarta.