Nabame: ɗan tawaye ne ko mai ƙwatar gidan ubansa?

Zauren tsofaffin ɗalibai na WhatsApp, bayan sallar isha'i. Malam Garba ya turo hoton tambayar da ya ba ɗalibansa: "Kawo dalilan tawayen Yakubu Nabame na 1849."

Alhaji Sani: Haba Malam, da girmanka. Ɗan Sarkin Kabi ya tashi ƙwatar gidan ubanshi daga hannun Gwandu da Sakkwato, kai kuma ka sa ɗiyanmu na Argungu su rubuta "tawaye" kafin su ci maki?

Malam Garba: Alhaji, a yi mini afuwa, haka na taras a takardun da muke koyarwa da su.

Usman na Gwandu: Kada ka ba da haƙuri, Malam. A 1805 rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Nabame ya yi shekaru a hannun Sakkwato, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yarda da shi ya sake shi, yana komawa gida ya juyo da mashi. In ba cin amana ba, me ake kiran wannan?

Alhaji Sani: Ƙanena, ka yi tsalle daga 1805 zuwa 1849 kamar babu komi a tsakani. Ina ka baro 1831, shekarar da anka kashe Sarkin Kabi Karari? Uban Nabame ne fa. Ka kashe wa yaro uba, ka aje shi gidanka, sannan ka ce ya ci amanar tuwonka? Kuma ba Kabawa kaɗai sunka tashi ba, har da Arawa da Zabarmawa da Dandawa. Duk maciya amana ne?

Hajiya Kulu: Ni ku bar ni in faɗi nawa, don gida biyu na ci tuwo. Kakata ta wajen uwa Bakaba ce. In ta fara labarin Sarkin Kabi Sama na Argungu, wanda ake cewa ya ƙone garuruwa casa'in, har gyara zama take yi tana kaɗa mahuci, ka ce ita ta riƙe mai linzami. Ta wajen uba kuwa, a ƙasar Gwandu, in an ambaci Sama sai ta aje mazarinta. Ta ce a goye aka gudo da uwarta cikin dare, rumbunansu na ci da wuta. Ban taɓa jin ɗaya ta ambaci abin da ɗayar ke faɗi ba.

Usman na Gwandu: Allah ya jiƙan su, Yaya Kulu. Amma labarin kaka daban, rubutu daban. Mu namu a rubuce yake.

Alhaji Sani: A rubuce da alƙalamin wa? Wanda ya ja rundunar shi ya rubuta labarin yaƙin. Mu namu na bakin maroƙa da makaɗan fada, shi ya sa kuke raina shi.

Malam Garba: Nan kam Alhaji sai ka sassauta. A littafinsa Tazyinul Waraƙati, Malam Abdullahi bai ɓoye kashin da suka sha a yaƙin Alwasa ba, har ya soki jama'arsa kan son duniya. Maroƙi kuwa yaushe ya taɓa waƙe ranar da ubangidansa ya gudu?

Alhaji Sani: Na karɓi wannan. Amma sukar naka ba ta sa ka yi wa abokin gaba adalci.

Hajiya Kulu: Su masu abin ma sun shirya tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka yi mai bikin kamun kifi. Ku ne dai.

Malam Garba: To na goge "tawaye", na sa "yaƙin Nabame". Ya yi?

Usman na Gwandu: Bai yi ba. Yaƙi tsakanin sarki da sarki ake yin shi, a 1849 wa ya naɗa shi?

Alhaji Sani: Kabawa.