Birkina na ƙauri a gangaren I-70, don Allah ku taimaka

Salam 'yan uwa mazauna Amurka, musamman masu bin babbar hanyar I-70 ta Kolorado. Satin da ya wuce na taso daga Denver, ina fitowa daga ramin Eisenhower ɗin nan da hanyar ta ratsa ta cikin dutse, wajen mita 3,400 a saman dutse, na kama gangaren Silverthorne sai birki ya fara ƙauri, sitiyari na rawa, wallahi ga iyali a mota hankalina ya tashi sosai. Makaniki ya duba yace birkin lafiya lau, wai in riƙa sa ƙaramin giya, to motar otomatik ce, ya ake yi? Kuma Disamba zan koma, dokar taya ta lokacin ƙanƙara tana aiki, in sayi sarƙa ko in canja tayoyin gaba ɗaya?