Kansila Ba Ubangida: Zai Yiwu a Zariya?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya bayan Isha'i, a teburin mai shayi na wajen Ƙofar Doka, ƙaninmu Malam Ticha ya ce yana da niyyar neman kansila a zaɓe mai zuwa, kuma ba zai je ya durƙusa gaban kowane babba ba, da ƙafarsa zai bi gida-gida. Nan take Alhaji Tsohon Ejan ya ce masa a Zariya ba a cin kansila sai da ubangida da buhun kuɗi, wanda ya ce masa bin gida-gida na ba da kujera yaudararsa ya yi. Har mai shayi ya tattara kayansa ba mu gama ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Ba zagi, ba kiran sunan wani mai rai don a ci masa mutunci.

Tsohon Ejan: Ina nan kan bakana. Ni na kwana a rumfar zaɓe, ba labari aka ba ni ba. Ticha ɗana ne, ba na son ya sayar da babur ɗinsa a banza. Ku duba abin da ya faru ranar 19 ga Oktoba 2024. Ƙananan hukumomi 23 ne a Jihar Kaduna, mazaɓu 255, kuma jam'iyya mai mulki aka ce ta cinye duka, ciyaman da kansila, ko ɗaya ba ta bari ba. A cikin mutum 255 ɗin nan babu inda aka sami ɗan adawa ko guda da unguwarsu ke so? To tikiti shi ne zaɓen. Tikiti kuma ba a zauren talaka ake raba shi ba.

Malam Ticha: Baba Alhaji, na ji, kuma ban raina abin da idonka ya gani ba. Amma shekara tara ina koyarwa a unguwar nan. Na san gidan da damina ke shiga har ɗaka saboda kwalbatin da ya toshe, na san layin da ya yi wata huɗu ba wuta saboda taransifoma, na san nawa mata ke ba 'yan ga-ruwa kullum alhali ga famfo a ƙofar gida ya bushe. Idan na karɓi kuɗin wani na hau kujera, ranar da zan buɗe baki a kan waɗannan sai ya ce in yi shiru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gara in faɗi da mutuncina.

Tsohon Ejan: Faɗuwa da mutunci ba ta yashe kwalbati, ɗana.

Baba Na-Sawaba: Ku bar ni in sa baki, tunda na girme ku duka. Da ƙafa muka yi siyasa a garin nan. A 1979 wa ya ba jam'iyyar PRP kuɗi? Jam'iyyar NPN ce ke da attajirai da manyan gari, amma Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan Kaduna, lokacin har Katsina tana ciki. A keke muke yawo ƙauyuka, mu kwana a zaure, a kawo mana fura. Kafin mu kuma akwai 'yan jam'iyyar NEPU tun 1950. Hajiya Gambo Sawaba a Sabon Garin nan ta tashi, tana yarinya ta shiga NEPU, aka yi ta ɗaure ta ana sakinta, ba ta daina shiga gidaje tana yi wa mata magana ba. Yau sunanta ne a kan babban asibitin Ƙofar Gayan. Wane ubangida ne ya tsaya mata?

Tsohon Ejan: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ƙarasa labarin. Majalisar jiha a hannun NPN take, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, a watan Yunin 1981 ta tsige shi. Ko shekara biyu bai cika ba. Sannan wancan zamanin mutum kan saurari aƙida. Yanzu kana sallama a majalisar matasa za a ce maka "me ka zo mana da shi?"

Ɗan Keke-Napep: Ni ne irin matasan da ake nufi, bari in faɗi tawa ba kunya. Ranar zaɓe ba na aiki, hanya a rufe. Balas ɗin mai keke na jirana, gida na jiran cefane. Wanda ya miƙo min wani abu zan karɓa, don na san daga ranar ba zan sake ganinsa ba sai a fosta. Malam Ticha ya koyar da ƙannena, ina ganin girmansa. Amma ya gaya min abin da kansila zai iya yi min wanda ya fi wannan 'yar karɓar. Ba gatse nake yi ba, da gaske nake tambaya.

Ɗalibar Lauya (Kongo): Tambayarka tana kan hanya, Yaya. Kansiloli su ne majalisar ƙaramar hukuma, su ke duba kasafin kuɗi su amince da shi, su yi dokokin cikin gida, su sa ido kan ciyaman. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tasha da kwashe shara da magudanan ruwa da maƙabarta, kuma tana da hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi. Abin da ya daɗe yana kashe su shi ne asusun haɗin gwiwa, kuɗi ya biyo ta hannun jiha. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Aiwatarwa na jan ƙafa, amma hukuncin na nan. Sai dai Malam Ticha, akwai inda Baba Alhaji ya fi ka gaskiya: dokar Najeriya ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Dole jam'iyya ta tsayar da kai. Ko duk unguwa na sonka, in ba tambarin jam'iyya a takardar ƙuri'a, ba inda za su dangwala maka.

Hajiya Uwar Adashe: Tun ɗazu ina karantawa, duk maganarku ta maza ce, ta teburin shayi da zaure. Ku je rumfa ranar zaɓe ku ga layin wa ya fi tsawo. Mu ne muke fitowa tun hantsi da goyo, mu tsaya cikin rana, ku kuma kuna gindin bishiya kuna lissafi. Kuma Ticha, kai namiji ne, gidajen cikin ganuwa ba a shiga. Iyakarka zaure. Gida-gidan da kake faɗi, rabinsa ba za ka taka ba.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai zaɓen da muka yi wa wani yaro aiki, ba shi da ko sisi. Mu shida ne mata. Ba mu taɓa kiran taro ba. Gidan suna muke bi, da gidan biki, da Islamiyyar matan aure ta dare bayan an tashi, da ranar kwasar adashe. Na shiga wani gida a lungun bayan kasuwa na tarar da wata tsohuwa tana tankaɗe, ta ce min ita ta daina zaɓe, an kawo mata atamfa da taliya sau uku ba abin da ya canza. Ban yi mata wa'azi ba. Na tambaye ta wa ya kai jikarta asibiti daren da naƙuda ta zo da gardama. Ta ajiye rariya ta ce ai yaron nan ne ya nemo mota, ya tsaya har aka sami jini. Na ce to shi ne ke nema. Ranar zaɓe ita ta fito da matan gidan su tara, har da kishiyar 'yarta. Ɗaya ɓangaren sun raba sabulu da magi a layin, matan sun karɓa, suka shiga suka yi abin da suka yi niyya. Akwatin nan mun cinye shi da rata mai yawa.

Tsohon Ejan: Hajiya, kun ci akwati. Kujerar fa?

Hajiya Uwar Adashe: Ba mu same ta ba, kuma laifinmu na ciki. Rumfuna da yawa ba mu da ejan, wasu kuma yunwa ta kore su kafin a ƙirga. Inda muke da mutum tsayayye da ya karɓi takardar sakamako da sa hannu, ba a taɓa mana ƙuri'a ko ɗaya ba. Inda ba kowa, abin da aka rubuta shi muka gani.

Baba Na-Sawaba: A kasa, a tsare, a raka. Ba yau aka fara faɗin haka ba.

Tsohon Ejan: To kun dawo gidana. Ejan da iska zai tsaya? A ce mazaɓa tana da rumfa talatin, kowace ka sa mutum biyu, mutum sittin ke nan. Abincinsu, ruwansu, katin waya, babur ɗin da zai raka akwati wurin tattara sakamako. Ga kuɗin fom na jam'iyya, ga fosta. Albashin malamin firamare ne zai ɗauki wannan?

Ɗalibar Lauya (Kongo): Baba Alhaji, akwai bambanci tsakanin kuɗin aiki da kuɗin sayen mutane. Na farko unguwa za ta iya haɗawa, kamar yadda ake karo-karon gyaran masallaci ko sayen man taransifoma. Sannan ba kullum ake cinye duka ba. A 2018 Kaduna ce jihar farko a Najeriya da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, aka maimaita a Satumbar 2021, kuma duka biyun 'yan adawa sun ci wasu kujeru. A 2021 har rumfar gwamnan lokacin a Unguwar Sarki ta Kaduna jam'iyyarsa ta faɗi. Kafin zaɓen 2024 aka gyara doka aka koma takarda. Ashe yadda ake ƙirga ƙuri'a ma abin da za mu riƙa yi wa 'yan majalisar jiha magana ne a kai.

Sakataren Mazaɓa Na Da: Na yi shiru ne don abin ya taɓa ni. Na riƙe sakataren jam'iyya a mazaɓa shekara huɗu, ba zan faɗi wacce ba. Ticha, ka saurare ni da kyau. Ranar da aka ce za a fid da ɗan takarar kansila, mun taru tun safe, masu nema su biyar, kowa da jama'arsa. Ana ta cewa ƙato bayan ƙato za a yi. Wajen La'asar aka kira mu shugabanni cikin wani ɗaki, aka ce an yi maslaha, ga sunan da ya fito daga sama. Wanda aka kawo ko ta'aziyya ba ya zuwa a unguwar. Aka miƙo takarda, muka sa hannu. Ni ma na sa. Har yau in na haɗu da yaron da ya cancanta sai in sunkuyar da kai.

Amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba. A ɗakin nan da mutum bakwai cikinmu sun ce a'a, ɗauki-ɗoran ba zai wuce ba, don mai kawo sunan ma tsoro yake ji kada a tafi wata jam'iyya da jama'a. Ba mu ce ba, saboda kowannenmu wani ne ya ɗora shi a kujerar. Lokacin da ake zaɓen shugabannin mazaɓa, ku masu ilimi da masu kishin unguwa kuna ina? Kun ce siyasa ƙazanta ce, kun bar wa wanda aka ba kuɗin mota. Ubangidan da Alhaji ke faɗi ba aljani ba ne, da waɗannan kujerun yake riƙe da mazaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In da gaske kake, ka yanki katin jam'iyya gobe, ka sa mutanenka su yanka, ku riƙa zuwa taron wata-wata ko da ku biyar ne, ku nemi kujerun shugabar mata da shugaban matasa da sakatare.

Tsohon Ejan: Wannan ita ce magana ta farko da ta shige ni. Amma shekaru za ta ci, kuma in suka ga ya yi ƙarfi za su kira shi su yi masa tayi. Nan ake gane mutum. Na ga da yawa sun shiga da zafi sun fito da mota.

Malam Ticha: Ba zan rantse muku a kan abin da bai zo ba, Baba Alhaji, sai dai ku riƙe wannan rubutun ku nuna min ranar. Yaya Sakatare, na karɓi gyara, ni ina ta lissafin ƙofofin gida na manta da ɗakin da ake sa hannu. Hajiya, ina roƙon ki haɗa ni da matan nan shida, maiɗakina za ta bi ku. Kai kuma ɗan'uwa mai keke, ba zan ce kada ka karɓi na kowa ba, kuma ni ba ni da abin ba ka. Abin da nake nema a wurinka ka zama ejan ɗina a rumfarku, mu haɗa maka balas ɗin ranar daga karo-karo.

Ɗan Keke-Napep: In balas ya fita, zan tsaya har a ƙirga. Amma Malam, a fara da kwalbatin layinmu kafin ruwa ya sauka, mutane su ga wani abu tukuna.

Hajiya Uwar Adashe: Biyu daga cikin matan sun yi aure sun bar unguwa, ɗaya tana Samaru ɗaya tana Wusasa. Huɗun zan yi musu magana ranar Juma'a wurin kwasa. Kuma a fara duba masu katin zaɓe, 'yan mata da yawa sun kai sha takwas ba su yi rajista ba.

Shugaban Zaure: To, Asabar bayan sallar Asuba aikin gayya a kwalbatin, kowa ya zo da shebur ko baro. Mai unguwa ni zan je in sanar da shi yau, a matsayin aikin tsafta, kada a jawo shi cikin siyasa. Alhaji, za mu gan ka?

Tsohon Ejan: Zan zo da baro biyu. Amma maganar tikiti ban janye ba, sai na ga sunansa a takarda.