Fara da aikatau: shawarwarin malaman Turanci kan feɗe jimla

Da malaman Turanci suka tattauna yadda ɗalibi zai feɗe jimla, wato ya gano aikin kowace kalma a cikinta, bakinsu ya zo ɗaya: a fara laluben aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki. In an same shi, sai a tambaya wa ya yi, me aka yi wa. Aikau (mai yin aikin) da karɓau (wanda aikin ya faɗa wa) sun fito ke nan.

Sun ja kunne sosai kan haddace kalma da rukuninta. "Water" suna ce a "Water boils", amma aikatau ce a "They water plants". Gurbinta ke yanke hukunci. Haka "-ly" a ƙarshen kalma ba kullum take nuna bayanau (kalmar da ke bayyana yadda aka yi aiki) ba, "friendly" sifa ce.

Kan zanen bishiyar jimla, wato zanen da ke nuna sassan jimla kamar rassa, ra'ayinsu ya rabu. Ni dai ina ganin amfaninsa sai a doguwar jimla mai ganguna da yawa, wato sassan da kowanne ke da nasa aikatau.