Abokina na son lambar gem ɗina ta Steam, in ba shi?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum ƴan'uwa, shawara nake nema. Watan jiya na sayi lambar buɗe gem ɗin faɗa na Mortal Kombat 11 da katin dala na yayana, na shigar da ita a Steam, manhajar saye da buga gem a kwamfuta, gem yana tafiya lafiya lau a laftof ɗina. To akwai abokina, layinmu ɗaya, tare muka taso, kai fad ɗin da nake bugawa da shi, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa gem, shi ma nasa ne na aro. Jiya ya ce in ɗauki hoton lambar in tura masa ta WhatsApp ya saka a tasa kwamfutar, mu riƙa karawa da dare kowa daga ɗakinsa. Wai in ba ta yi ba, sai in ba shi sunan akawun da kalmar sirri. Wallahi hana shi da nauyi, amma hankalina bai kwanta ba. Lambar za ta yi aiki sau biyu kuwa? In na ba shi akawun ɗin, me zai iya biyo baya?

Mai Gyaran Laftof:
Wa alaikumus salam ƙanina. Lambar ba za ta yi masa komai ba. Kamar katin waya ce da aka riga aka loda, ranar da ka shigar da ita ta manne da akawun ɗinka ke nan. In ya buga, Steam zai ce masa wani ya riga shi. Abokinka zamanin faifai yake tunawa, lokacin da lamba ɗaya ke zagaye unguwa don a wajen girkawa kawai gem ke tambayarta.

Duk da haka kar ka tura hoton. Idan akawun ya ɓace, cikin abin da ma'aikatan Steam ke karɓa a matsayin shaidar mallaka har da lambar da aka taɓa shigarwa a kansa. Ba abokinka nake zargi ba. Waya ce ba ta da tabbas, a fizge ta a kasuwa ko a kawo ta gyara, hoton kuma na nan zaune a WhatsApp. Nan shagon ana kawo min na'ura a buɗe, ba kulli ba komai.

Batun kalmar sirri ya fi wannan. Yarjejeniyar da ka danna ka amince ranar buɗe akawun ta hana ba wa wani, kuma duk abin da aka aikata da shi kai ne mai laifi. Steam Guard, wato tsarin tsaron akawun na Steam, zai nemi kod idan aka shiga daga sabuwar kwamfuta, sai ya kira ka tsakar dare ka karanto masa. Ana haka wata rana ka gaji ka kashe tsaron gaba ɗaya, nan ake yin asara. In kuma katin yayanka na ajiye a ciki, ka ga maganar ta wuce gem. Bayan duk wannan wahalar ma ba za ku kara ba, domin akawun ɗaya ba ya buga gem a kwamfuta biyu lokaci guda a kan intanet. Ya shiga, a fitar da kai.

Akwai hanyar da kamfanin Valve, mai Steam, ya buɗe da kansa a 2024, Steam Families. Mutum 6 ne iyaka, kowa da nasa akawun da nasa sirrin, gem ɗin da aka yarda a raba sai ya bayyana wa kowa. Amma ka san sharaɗin kafin ka danna. Kwafi ɗaya mutum ɗaya ne a lokaci guda. Idan ya yi magudi da kwafinka aka toshe shi, kai ma an toshe ka a wannan gem ɗin. Wanda ya fita kuma sai shekara ta cika daga ranar shigarsa kafin ya shiga wani rukunin, gurbin da ya bari ma haka. Sun ce don ƴan gida ɗaya suka yi shi, ba don ƴan majalisa ba.

Oga Na Gidan Gem:
Malam mai gyara ya gama magana. Ni ta ɓangaren PlayStation zan ƙara, tunda nan nake cin abinci. Akwai wani yaro da ke yawan zuwa wajena, mai ladabi, na saka masa akawun ɗina a PS4 ɗinsa ya riƙa buga ƙwallo a gida. Kuɗin makaranta ya taso, ya sayar da na'urar bai goge komai ba, bai kuma gaya min ba. Sai da na zo mayar da akawun kan tawa na tarar yana maƙale a na'urar wani bawan Allah da ban taɓa gani ba. Na samu na cire ta shafin Sony, kamfanin da ke yin PlayStation, amma wannan cirewar ta duka na'urori sau ɗaya ake yinta a wata 6. Da ta sake faruwa a tsakani, sai zaman jira.

Ga kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Babu Najeriya a jerin ƙasashen buɗe akawun na PlayStation, yawancinmu na Amurka ko Ingila muke riƙe da shi, da adireshin da ba namu ba. Ranar da wani ya canja maka imel, da wane baki za ka je ka yi bayani?

Sarkin Fad:
Haba, kuna tsorata yaro. Ni da ɗan ɗakinmu mun daɗe a akawun ɗaya, shi ya kashe intanet ya buga, ni in buga a kan layi, ba abin da ya taɓa faruwa. Da dala a yadda take, kowa sai ya sayi nasa?

Mai Gyaran Laftof:
Sarki, ku ɗaki ɗaya kuke, in ya yi ba daidai ba kana ganinsa. Kuma wanda ya kashe intanet ai da kwamfuta yake faɗa, shi kuwa Ɗan Kurna da abokinsa juna suke so su daka. Maganar dala gaskiya ce. Shi ya sa nake cewa a jira ragin da Steam ke yi wajen ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba, tsofaffin gem irin wannan na 2019 suna faɗowa sosai. Sai a saya wa mutum a matsayin kyauta, ya tafi kai tsaye akawun ɗinsa.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shi na ce lambar ta riga ta mutu, kuma katin yaya na cikin akawun ɗin, ba ni da hurumin bayarwa. Ya ɗan yi shiru, sai ya ce to ya zo da ɗaya fad ɗin bayan isha'i mu buga a laftof ɗina. Mun yi da shi in ragi ya zo mu haɗa kuɗi a saya masa nasa. Malam, kyautar nan dole sai yana cikin jerin abokaina a Steam kafin ta tafi?